Gwiwar Kawu

Kwana goma sha ɗaya ke nan da damben, amma har yanzu Guduma bai san yadda kambun duniya na ajin masu nauyi ya kuɓuce masa ba. Ba wai ba a ba shi labari ba. An ba shi har kunnensa ya gaji. Abin dai shi ne kowa da irin nasa labarin, shi kuwa mai jikin da aka jibga ba shi da ko ɗaya. Turmi na farko zuwa na huɗu yana tune da su sarai: hasken fitilu, ihun jama'a, ɗanɗanon robar da ke bakinsa, da ƙaton mai riƙe da kambun yana huci a kunnensa. Daga nan sai kawai ya tsinci kansa a gadon asibiti, wata nas tana tambayarsa yau wace rana ce. Turmi huɗu cur sun fice daga kansa ko sallama babu.

Abin da ya rage masa sai hoton talabijin, wanda duk duniya ta gani. An kaɗa ƙararrawar turmi na tara, ya miƙe daga kujerarsa, ya yi taku biyu, sai ga farin tawul ya tsallake kafaɗarsa ya faɗi a tsakiyar fage. A damben zamani kuwa, in mutanenka suka jefa tawul, an sallama ke nan, magana ta ƙare. Wanda ya jefa shi ne Kawu, ƙanin mahaifiyarsa, mai horar da shi tun yana ɗan shekara goma sha ɗaya. Hoton bai tsaya nan ba. Ya nuna Guduma ya juyo yana ihu, ya hankaɗe tsohon da hannu biyu, Kawu ya faɗi a kan gwiwarsa ta hagu, wadda dama can lallaɓa ta yake yi. Guduma ya kalli wannan wuri ya fi sau talatin, kuma kullum ji yake kamar wani ne daban ya ari gajeren wandonsa.

Sai kuma masu fashin baƙi, waɗanda ko ƙuda ba su taɓa nausa ba. Mai askin bakin titi ya rantse Guduma ne a gaba da maki. Mai sharhin rediyo ya ce an gama da shi, ƙashinsa bai yi ƙwarin wannan aji ba. Jarida ta ce shekararsa ashirin da huɗu kacal, gabansa ya fi bayansa yawa. Likita ya ɗaga hoton ƙwaƙwalwarsa a gaban fitila, ya ce bai ga komai ba, amma kada ya bari ko yatsa ya taɓa kan nan har wata shida. To in babu komai, hutun na mene ne? Umma ita kam da aka yi mata bayanin cewa kambun nan wani ƙaton bel ne, cewa ta yi su riƙe abinsu, ko an gaya musu wandon ɗanta faɗuwa yake yi?

Kawu ne kaɗai bai ba da labari ba. Da 'yan jarida suka tsare shi, cewa ya yi, "Ni na ga dama na jefa." Bai ƙara ba, bai rage ba. Tun ranar kuma shi da Guduma ba su haɗa ido ba.

Bayan azahar Mai Kwat ya zo gidan. Shi ne mai shirya wasannin Guduma, mutum mai sanyin murya, wanda ko rana na narka kwalta ba ya rabuwa da kwat. Ya zauna a falo, ya ture kofin shayin da aka kawo masa gefe.

"Zakarana," in ji shi, "kai ba doke ka aka yi ba. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana. Na shirya maka wasa uku, biyu masu sauƙi, ɗaya mai ɗan zafi. Shekara biyu ka sake tsayawa a gaban kambun nan. Sharaɗi ɗaya ne. Yau ƙarfe huɗu zan tara 'yan jarida. Ka tsaya ka faɗa da bakinka cewa kawunka ya ci amanarka, ka sallame shi. Sabon mai horarwa yana jira."

"Yallaɓai, dole sai a gaban mutane?"

"Mutane ba sa tururuwar kallon wanda ya sha kashi. Wanda aka zalunta suke zuwa kallo. In ba ka faɗa ba, za a fara tambayar ko kai ne ka karaya, wanda aka ce ya karaya kuwa ba mai sake ba shi fage. Mota za ta zo uku da rabi."

Bayan ya fita, Guduma ya zauna yana kallon shayin da ya huce. Ya so a ce fushinsa ya huce shi ma, amma ina. Akwai abin da ke ci masa rai wanda ba kowa ya sani ba. Ranar da aka fara ɗaura masa safar dambe yana yaro, Kawu ya durƙusa a gabansa ya ce, "Duk ranar da ka ji ba za ka iya ba, kada ka faɗa da baki a ji ka. Taɓa min gwiwa sau uku. Ba tambaya, ba gardama, ni zan san abin da zan gaya wa mutane." Shekara goma sha uku ke nan. An fasa masa hanci, an karya masa haƙarƙari biyu, ya taɓa gama wasa da ido ɗaya a rufe, bai taɓa kai hannu gwiwar nan ba. Wannan shi ne abin alfaharinsa, ya fi masa duk kofunan da ke kan kabad. Ashe tsohon zai yanke masa hukunci ba tare da ya jira alamar ba, kuma a ranar da ta fi kowace rana?

Yaya ce ta leƙo daga kicin, tana goge hannu. Ita ce babbar yayarsa, ta kuma ji komai, don ƙofar kicin ɗin nan ba ta taɓa riƙe sirri ba.

"Auta, kafin ka je ka tozarta wa Umma ƙani a gaban duniya, zo ka ga yadda kake a ranar. Talabijin gabanka ta nuna. Ni a bayanku na zauna."

Ta zaro wayarta ta miƙa masa. Hoton yana rawa, ga ihunta ya cika shi. Hutun ƙarshen turmi na takwas ne. Ga Guduma zube a kan 'yar kujera, baya jingine da igiya, Kawu a durƙushe gabansa yana matsa masa soso a ƙeya.

"Dubi hannunka," in ji Yaya. "Rawa yake yi kamar na mai zazzaɓi, har yana bugun ƙafar Kawu. A haka kake so a bar ka ka koma?"

Guduma ya mayar da hoton baya. Ya sake mayarwa. Hannun ba rawa yake yi ba. Jar safar ta tashi daga cinyarsa a hankali, ta nemi gwiwar Kawu ta hagu, ta sauka. Ɗaya. Biyu. Uku. Daidai wa daida, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar gidan da ya sani.

A cikin hoton Kawu ya sandare da soso a hannu. Ya dubi hagu, ya dubi dama, ya ga ba wanda ya lura. Sai ya ɗauki robar baki ya cusa wa Guduma, ya kama shi ta hammata, ya jira ƙararrawa, ya ɗaga shi tsaye, ya tura shi gaba. Sai da ya tabbata duniya ta ga yaronsa ya tashi zai yi faɗa, sannan ya cire tawul daga kafaɗa.

"Lafiya?" in ji Yaya. "Ka yi tsuru-tsuru."

Bai ma san a madadin wa zai amsa ba. Wanda ya taɓa gwiwar shi ne. Wanda ya hankaɗe tsohon bayan ƙiftawar ido, yana ihun an cuce shi, shi ma shi ne. Dukansu biyu bai san su ba, kuma dukansu sun bar masa aika-aikarsu sun gudu. Kunya ta rufe shi, tsoro ya biyo bayanta. Ya saka takalmi ya fita.

Ɗakin horon yana saman shagon masu faci, matakala goma sha bakwai, ta tara tana ƙara. Warin gumi da man zafi ya tare shi tun daga ƙofa. Ba kowa a ciki, don tun bayan damben iyaye suka fara janye 'ya'yansu, wai kada a koya musu sallamawa. Kawu yana zaune a kan benci, ya miƙe ƙafar hagu a kan akwaku, gwiwar naɗe da bandeji. Buhun naushi ne kwance a gabansa, yana ɗinke shi da basilla. Tawul yana kafaɗarsa kamar kullum.

"Kawu, sannu da aiki."

"Yawwa. Likita ya ce ka hau matakala?"

Guduma ya zauna kusa da shi. "Na ga hoton wayar Yaya."

Basillar ta tsaya, sannan ta ci gaba. "Yayarka ba ta iya ɗaukar hoto ba. Ihu ta iya."

"Na taɓa, Kawu."

"Ni ban ga komai ba."

"Sau uku."

"To ka ce ta goge." Kawu ya ja zaren da haƙori ya tsinka. "Mai Kwat ya kira ni da safe, ya yi min ladabin sanar da ni cewa yau za a yanka ni. Na ce masa Allah ya ba da sa'a. Ka je ka faɗi abin da ya ce ka faɗa. Ni shekarata sittin da uku, zagi ba ya min ƙari. Kai kuwa in aka ji wannan magana, ko wasan share fage ba za a sake sa ka ba."

"Me na ce maka a lokacin? Me na gani? Ni ban tuna komai ba."

Kawu ya juya buhun. "Ba ka ce komai ba. Na tambaye ka turmi na nawa muke, ka kalle ni kamar ba ka taɓa ganina ba. Idonka bai san ni ba, Auta. Hannunka ne ya san ni."

"Ke nan ni matsoraci ne?"

"Ban sani ba ko tsoro ne, ko hankali ne. Na yi kwana goma sha ɗaya ina juya abin, ban rabe su ba."

Ba wannan amsar Guduma ya hau matakala nema ba. Ya so a ce masa eh ko a'a. Ya so wani ya gaya masa ko zai iya sake tsayawa a gaban ƙaton nan, ko kuwa hannun zai sake tashi neman gwiwa, a ranar da babu gwiwar da za ta gane shi. Sabon mai horarwa zai ɗauka rawa hannun yake yi, kamar yadda Yaya ta ɗauka. Zai tura shi fage, ya bar tawul a kafaɗa.

"In na je na faɗa, ɗakin nan ya mutu," in ji Guduma.

"Dama ya tsufa."

"In ban je ba, ni na mutu."

"Shi ya sa na ce ka je."

Daga ƙasa aka danna hon, dogo, sau biyu. Guduma ya leƙa ta taga. Baƙar motar Mai Kwat ce a gaban masu faci, direban ya fito yana duba agogo. Yaya ce ta yi masa kwatance, ba shakka.

Kawu ya ajiye basilla. Ya juyo ya gyara wa Guduma wuyan riga, ya kakkaɓe masa kafaɗa, ya kama shi ta hammata kamar yadda yake yi kafin kowace ƙararrawa.

"Tashi. Ka ɗaga kai in kana magana, kada ka yi in-ina. Ka ce na tsufa, zuciyata ta mutu. Za su yarda, ai sun ga tafiyata."

Guduma bai tashi ba. Kansa a ɗaure yake kamar yadda yake tun ranar asibiti. Bai san ko yana da sauran dambe a jikinsa ba, bai san ko likita ne mai gaskiya ko jarida ko mai aski ba. Abu ɗaya kawai ya sani, kuma bakinsa ya kasa furta shi. Ya dubi hannunsa na dama, wanda har yanzu kumburinsa bai gama sacewa ba. Ya ɗaga shi, wannan karon yana kallo, yana sane. Ya ɗora a kan bandejin a hankali don kada ya fama ciwon. Ɗaya. Biyu. Uku.

Kawu ya buɗe baki.

"Ba tambaya," in ji Guduma. "Ba gardama. Kai ka faɗa."

Aka sake danna hon. Tsohon ya kalli hannun da ke kan gwiwarsa. Can ya ja tawul ya goge fuska, ya daɗe yana gogewa fiye da yadda gumin ya kai. Ya sauke ƙafa daga kan akwaku, ya dafa kafaɗar Guduma ya miƙe.

"Ja'irin yaro," in ji shi. "Shekara goma sha uku ba ka taɓa ba, yanzu ka mayar da ita ganga."

Ya ɗingisa zuwa ƙofa da tawul a hannu, zai sauka ya sallami direban. Guduma yana zaune yana jin saukarsa, taka ɗaya, hutu ɗaya, har matakala ta tara ta yi ƙararta.