Wuyan Lod Ranulf

Shekara tara Hamon masassaƙi yana fama da mutum-mutumin Lod Ranulf na Skelby, wanda za a kwantar a kan kabarinsa cikin coci ranar da ya mutu. Fuska ta kammala tun tuni, har karen da ke kwance a ƙafafunsa. Wuya ne ya ƙi ƙarewa. Kowane babban mutum sai an sassaƙa masa sarƙa a wuya da tambarin sarkin da yake bi, shi kuwa Ranulf, Allah ya shirye shi, bai taɓa cika shekara uku bayan sarki ɗaya ba.

Sarakuna biyu ke ƙwace gadon sarauta a tsakaninsu, mai tambarin shaho da mai tambarin barewa. Sau uku Hamon yana kankare wannan ya tono wancan, dutse na raguwa.

Ranar nan sai ga Ranulf cikin sulke, zai fita yaƙi.

"Mayar min da shaho."

"Ranka ya daɗe, wuyan nan ya koma kamar na kaza. Ba zai ɗauka ba."

"Ni da nawa wuyan ya ɗauki rantsuwa biyar? In ka karya dutsen nan, a bakin ƙofar garin nan zan rataye ka."

Hamon ya san ba wasa yake ba. Sati uku yana lallaɓa dutsen, gumi na zuba, yana kiran waliyyai ɗaya bayan ɗaya. Saura baki kawai shaho ya fito, sai ji ya yi ƙas! Kai ya gangara ƙasa, ya tsaya jikin bango.

Tsoro ya kama shi har ya kasa gudu. Yana nan zaune yana shafa nasa wuyan, Uwargida Avice, matar Ranulf, ta shigo cikin baƙaƙen kaya.

"Mai barewa ya ci yaƙi," in ji ta. "Maigidanka ya durƙusa zai sake rantsuwa, sarki ya ce ya ji ta sau biyu, ta ishe shi. Shekaranjiya aka sare masa kai."

Sai idonta ya kai bango. Hamon ya zube.

"Ranki ya daɗe, zan liƙa shi, wallahi ba mai ganewa."

Ta daɗe tana kallo.

"Bar shi haka, Hamon. Yau ne kaɗai ya yi kama da shi."