Daga Wuya Zuwa Ƙasa

Sana'ata kwalliya ce. Ina shafa wa mutane hoda kafin kyamara ta kalle su, kuma na daɗe a aikin bidiyon waƙa har na san sarƙar gwal ɗin da ke wuyan mawaƙi da safe za ta koma shagon haya da yamma. Motar ma, mai ita yana gefe yana duba agogo. Zufa ce kawai ba a haya a wurin.

Ƙanwata Auta ta san duk wannan, don nakan ba ta labari mu yi ta dariya. Amma ita ba rawa take yi ba. Waƙar hip-hop take rubutawa, kuma in ta buɗe baki sai tsigar jikinka ta tashi. Wani mawaƙi da ake ji da shi, wanda ake kira Ɗan Gwal, ya ji ta, ya ba ta baiti ɗaya a sabuwar waƙarsa. Ta rubuta shi a kan Mamanmu, mai wanki da guga, da hannayenta da sabulu ya cinye a kan kayan mutanen da ba su taɓa tambayar sunanta ba.

Saboda wannan baitin Auta ta ajiye aikinta na kantin magani. Mama ta yi kwana biyu ba ta kula ta ba, sannan ta ce, "Ni ban hana ki waƙa ba. Amma in za a nuna ki, a nuna ki da fuskarki kina waƙa, kowa ya san 'yar waye. Ban da irin waɗancan da yayarki ke ba da labari."

"Na yi miki alkawari, Mama," in ji Auta.

Ranar ɗauka, gidan wani mai kuɗi aka ɗauka haya, an hana kowa zama a kan fararen kujerunsa. Ni na yi wa Auta kwalliya da hannuna. Ta sa baƙar jaket ɗinta, ta tsaya a gindin bene, ta zuba baitin nan tiryan-tiryan. Har masu riƙe fitila sai da suka daina taunar cingam. Ni kuwa na juya baya, don kada hawaye ya ɓata mini tawa hodar.

Bayan nan aka koma wajen mota. An jera 'yan mata cikin gajerun riguna masu ruwan gwal, duk iri ɗaya, sai darakta ya ga ɗaya ba ta zo ba, layinsa ya karkace. Ya dubi Auta.

"Ki taimaka ki cike mana gurbi. Kwalba kawai za ki zuba a kan mota. Fuskarki ma ba za ta fito ba."

Na ja ta gefe. "Kada ki sa rigar nan."

"Yaya, in na ƙi, za su ce ina da girman kai tun ban zama kowa ba. Ai an riga an ɗauki nawa."

Ta sa. Ta tsiyaya kumfar kwalbar a kan bonet ɗin motar, Ɗan Gwal yana watsa musu takardun da aka buga kamar kuɗi, waɗanda ni da mai shara muka tattara daga baya.

Ranar da bidiyon ya fita, Mama ta share falo, ta kira maƙwabta da abokan wankinta, aka zauna har ƙasa. Aka ga gida, aka ga mota, aka ga Ɗan Gwal ta dama, ta hagu, ta ƙasa kamar wani dogon bene. Sai muryar Auta ta shigo. Tana waƙar hannayen Mama, a allo kuwa Ɗan Gwal ne yana kaɗa kai, sai ƙugu, sai cinya, sai wani hannu yana zuba kwalba a kan mota. Baitin ya ƙare ba a ga jaket ba, ba a ga fuska ba.

Wata maƙwabciya, wadda bakinta ba ya da birki, ta ce, "To, ina Autar? Ko tana cikin masu ƙyalƙyalin nan ne?"

"Ba ta ciki," in ji Mama. "Murya kawai ta ba su." Ta tashi ta kashe talabijin.

Washegari na tafi wurin editan da ya haɗa bidiyon, raina a ɓace. Na same shi a wani ɗan ɗaki mai warin taba, kuma abin haushin, shi ba ma mugu ba ne. Bai je wurin ɗauka ba. Ya nuna mini yadda yake aiki: yakan kashe sauti, ya raba hotuna gida huɗu, oga, mota, gida, mata. Duk inda mace ta fito, sai ya jefa a na mata. Daga can yake tsinto guntaye, ya yanke daga wuya zuwa ƙasa, don Ɗan Gwal ba ya son wata fuska ta daɗe a allo in ba tasa ba.

"Mai jaket fa?" na ce.

"Na gan ta. Babu abin ɗauka a jikinta, duk ta rufe. Na zaci gwajin fitila ne."

"Ita ce mai baitin!"

Ya sosa ƙeya. "Wallahi ba wanda ya gaya mini. Kuma na goge ragowar, aiki na gaba na buƙatar wuri."

Na kira darakta, ya ce bakin alƙalami ya bushe, mutane ma suna son bidiyon a haka. Har ya ƙara da cewa in Auta na so, akwai wani aikin mota sati mai zuwa.

Da na koma gida, Mama na guga a tsakar gida, Auta na zaune a bakin ƙofa tun safe ba ta ci komai ba. Wayata Mama ta karɓa, ta ce in kai mata bidiyon wurin kwalbar, in tsayar. Na tsayar. Ga hannun nan ya cika allo, ga tabon dutsen guga a wuyansa, wanda Auta ta samu tana rarrafe a ƙarƙashin teburin gugar nan. Ban rufe shi da hoda ba ranar, don jaket ta rufe shi.

Auta ta durƙusa. "Mama, na yi waƙar. Wallahi na yi ta da fuskata."

"Na sani," in ji Mama. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. "Tun jiya na gane hannun. Ni na shafa masa magani har ya warke." Ta miƙo mini wayar, ta ɗauki dutsen guga. "Abin da ya hana ni barci, an nuna mini 'yata a gaban mutane, na ce ba ita ba ce."