Reshen da Bai Kama Ba

Kofin furar yana tsakanin hannun Baba da hannun baƙona lokacin da makyarkyatar ta taso. Sai gani na yi furar ta sauka a kan farar shaddar shugaban jam'iyyarmu, wanda ya zo Rurum takanas don ya ɗaga hannuna a takarar kansila. 'Yan rakiyarsa suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Baba yana ta faɗin "A yi haƙuri, Alhaji," yana ƙoƙarin goge rigar, hannun kuwa sai ƙara dama ta yake yi.

Ban ji tausayinsa ba. Kunya na ji, kuma gara in faɗa tun yanzu.

Mahaifina Malam Gwadabe mai auren mangwaro ne. Daga Rurum har Kibiya da wuya ka sami lambun da askarsa ba ta shiga ba. Yakan yanko reshe daga bishiya mai kyau, ya tsaga ƙaramin dashe, ya haɗa su ya naɗe da leda. Ranar kwana ashirin da ɗaya sai ya kwance, ya kankare ɓawon da farce. In ya ga kore, aure ya kama. Ƙa'idarsa ɗaya ce: ba ya aura reshen da bai ga uwarsa da idonsa ba.

A tsakiyar lambunsa akwai wata bishiya da mutane ke kira 'Yar Gwadabe, mai zaƙi, ba zare ko ɗaya. Har Alhazan birni sun roƙi reshenta ya hana, wai gadona ce, sai ranar da na koyi riƙon aska. Ni kuwa boko ya sa ina ganin aikin leda da taɓo ya yi mini kaɗan.

Shekara uku ke nan da ciwon makyarkyatar ya kama shi. Ƙwayoyin da ake ba shi a asibitin gwamnati suna lafar da shi, har yakan yi aure biyu ko uku da hantsi. Amma bayan ranar furar sai abokan hamayya suka baza magana a majalisu, wai ni na ba da mahaifina ga bokaye don in ci zaɓe. Wannan maganar ce ta hana ni sukuni.

* * *

Wani abokin siyasa ya kai mu wani asibiti a saman bene cikin birni, gun wani Dakta Salahu, mai kwat da taushin murya. Yaya Saude, yayata da ke jinyar Baba, ta biyo mu ba don na so ba.

"Baba, aikinka ne ai za mu yi," in ji likitan. "Akwai wurin da ya bushe a ƙwaƙwalwarka. Sai mu buɗe, mu dasa sabon nama mai rai, ya kama, ya ci gaba da aiki. Kamar auren mangwaro."

Na ga idon Baba ya yi haske. Da wani abu daban aka ce masa da ya yi gardama, amma wannan ya sani, ya ga bishiya mai tsami ta haifi zuma a hannunsa. Ya gyara zama.

"To, likita, reshen da za ku sa mini, daga wace uwa aka yanko shi?"

Dakta Salahu ya yi 'yar dariya ya dube ni. "Daga waje ake kawowa, Baba."

"Wajen ina? Zan iya ganinta?"

"Haba Baba!" na ce, fuskata ta yi zafi. "Nan fa ba lambu ba ne. Kada ka ba mu kunya."

"Ramalan, tambaya ya yi," in ji Yaya Saude. "A ba shi amsa mana."

"Yaya, abin da ba ki karanta ba ki bar wa waɗanda suka karanta."

Baba ya dube ni jim kaɗan. Bai sake tambaya ba.

Aikin ba ya yiwuwa sai an sayar da lambu. Ranar da mai saye ya kawo takarda, babban yatsan Baba ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Ko ciwon ne, ko zuciyarsa ce, ban tsaya tantancewa ba. Na kama hannun da hannuwana biyu, na tsoma shi a tawada, na danna. Rabon da in riƙe hannun mahaifina tun ina ƙarami yana tsallakar da ni rafi.

* * *

Muka dawo da shi gida kansa naɗe da bandeji. Likita ya ce a daina ƙwayoyin asibitin gwamnati, wai za su kashe dashen. Ni da kaina na kwashe su na watsa a masai.

Baba ya shiga jiran kwana ashirin da ɗaya, yadda ya saba. Makyarkyatar ta haura daga hannu zuwa haɓa, ƙafa ta yi nauyi, sallah ta koma ta zaune. Duk wanda ya zo dubiya sai Baba ya ce masa, "Ai haka yake, sai ya yi yaushi kafin ya tofo."

Ranar da kwanakin suka cika ya sa Yaya Saude ta kwance bandejin. Ya ɗaga hannu da kyar, ya bi ɗinkin da yatsa, ya danna ƙashin da ke ƙarƙashi, ya sake dannawa.

"Ramalan," ya ce a hankali, "ba a tsaga itacen nan ba. Ɓawo kawai aka yanka."

Hoton kansa da aka ɗauka a asibitin gwamnati ya gaskata shi. Likitar da ta duba ta ce ko ƙoƙon kan ba a taɓa ba. Ta ce irin wannan dashen, ko a ƙasashen da ake yinsa gwaji ne tukuna, wasu ma ya bar su da fizge-fizgen da ya fi na da. Sannan ta tambayi wanda ya tsayar da maganin. Yaya Saude ta juyo ta dube ni.

Na hau benen Dakta Salahu a fusace, na tarar ya tsere, ana shirya kekunan ɗinki a ɗakin. Zaɓe kuwa na ci shi. Har yau in aka kira ni Honorabul sai in ji ɗaci a bakina.

* * *

Wanda ya sayi lambun masara yake so, ba inuwa ba. Ranar da injin yanka bishiyoyi ya shiga, Yaya Saude ta hau ɗan acaba ta tafi, ta dawo da rassa shida na 'Yar Gwadabe ƙunshe a jiƙaƙƙen buhu. Ta ajiye su gabana tare da askar Baba.

"Ga gadonka nan, mai karatu," ta ce.

Akwai ƙananan dashe a bayan ɗaki. Muka fito da Baba kan tabarma. An mayar da shi kan magani, amma jikin bai koma yadda yake ba, muryar ma sai ka kasa kunne.

"Kwantar da askar... a'a, ka ci da yawa. Yanka ɗaya ake yi."

Na ɓata biyu. A na uku ya miƙo hannu ya ɗora a kan nawa don ya nuna mini, sai hannuwanmu suka shiga rawa tare, askar tana tsalle a kan reshen. Ya yi murmushi.

"Da ka zo da wuri," ya ce. Ba faɗa a muryarsa, da ma faɗan ya yi mini.

Muka naɗe huɗu. Baba ya rasu a kwana na sha shida, ranar wata Laraba da la'asar.

Ranar ashirin da ɗaya, masu ta'aziyya na zaure, na zagaya bayan ɗaki na kwance ledojin ɗaya bayan ɗaya. Yaya Saude tana tsaye a kaina. Na kankare na farko, na biyu, na uku, duk busassu. Na daɗe riƙe da na huɗu kafin in sa farce.

"Kore ne?" ta tambaya.

Bai yi kore ba, bai kuma bushe kamar sauran ba. Na mayar da ledar na naɗe shi yadda yake, na ɗebo ruwa na zuba masa.