Wanda Ba a Taɓa Jira Ba

Matar da kamfanin ɗinki ya ɗauko daga waje ta zo da takarda mai tambaya ɗaya tak: "Aikin wa kake jira kafin ka iya yin naka? Rubuta mutum uku." Ta ce auna yadda ayyuka suka dogara da juna ne ya kawo ta, ba korar kowa ba. Ma'aikata arba'in suka gyaɗa kai, amma ba wanda ya yarda, don tun watan jiya manaja yake ƙorafin mutane sun yi wa ɗakin yawa.

Bayan mako guda ta kafa allo a bakin ƙofa. Kowane ma'aikaci da'ira ne, duk wanda ya rubuta sunanka kuma ya harba maka kibiya. Mai yankan yadi ya sha kibau har ya koma kamar bushiya. Mai guga ma, wanda ba ya rabuwa da riga sai ya ƙona mata wuya, ya samu tara. Can ƙasa a kusurwa ga wata da'ira ita kaɗai, fes da ita, ko ƙuda bai sauka a kanta ba. Ta Kawu ce.

Kawu shi ke wasa almakasai, ya canza allurai, ya zuba wa kekunan ɗinki mai. Shekara goma sha tara yana shigowa awa biyu kafin kowa, teloli su iso su tarar komai ya zauna daram. To wa zai jira shi? Ai ba a jiran abin da aka tarar.

Ya tsaya gaban allon yana kallon da'irarsa. Ba albashin ne ya fi tsinka masa zuciya ba, katin asibitin kamfani ne. Da shi ake yi wa matarsa wankin ƙoda Litinin da Juma'a, kuma ranar da aiki ya tafi, kati zai bi shi.

Aka ce za a sake cike takardar ranar Alhamis mai zuwa don a tabbatar. Nan take kasuwa ta buɗe a ɗakin: rubuta ni, in rubuta ka. Kawu ya ajiye girmansa ya sami mai yanka.

"Ɗana, ka taimake ni da layi ɗaya."

"Kawu, wallahi layukana uku duk na yi alkawarinsu. Kuma matar nan ba wa muke so ta tambaya ba, wa muke jira ta ce. Ni kuwa shekara goma sha ɗaya ban taɓa jiranka ko minti ɗaya ba."

Yabo ne, amma yabon da ke yanka wuya. Ya zaga tela bayan tela, kowa tasa ta fisshe shi. A ƙarshe ya tari matar a bakin matakala.

"'Yata, ki ƙara tambaya ɗaya mana. Ki ce, wa ya sa ba kwa jira?"

Ta ji tausayinsa, ya gani a idonta. "Baba, tambayar ɗaya ce a duk inda nake zuwa. In na taɓa ta, awon ya ɓaci."

Da yamma matarsa tana kwance a tabarma, ƙafafunta sun kumbura, ta lura ya kasa cin abinci. Ya ba ta labarin allo da kibau, ya ɓoye mata cewa tasa babu ko ɗaya. "Allah Ya sa ka samu da yawa," ta ce.

Washegari ya shigo a lokacin da ya saba, ya zauna a benci ya harɗe hannu. Dutsen washi na kallonsa, yana kallonsa. Bai taɓa jin kunyar kansa irin ta ranar ba. Haka ya yi kwana huɗu.

Ran Laraba ɗaki ya rikice. Almakashin mai yanka ya koma tauna yadi. Zare na tsinkewa, kekuna na kuka, allura ta karye ta soki wata tela a yatsa. Ko'ina "Kawu!" kake ji, "Kawu, nan tukuna!" Mutum goma sha wani abu suka yi layi a gaban bencinsa, kowa da almakashi a hannu, matar nan mai awo kuma tana gefe tana rubutu. Ya ɗaure wa telar yatsa da kansa, ya kasa haɗa ido da ita. Duk da haka, Allah Ya yafe masa, wani sashe na zuciyarsa murna yake yi.

Ran Alhamis da rana sabon allo ya fito. Kibiya talatin da bakwai a kan da'irarsa, har ba a ganin sunan. Manaja ya kira shi ofis, ya ba shi kujera, abin da bai taɓa yi ba.

"Kawu, awon nan ya buɗe mana ido. Ashe kamfanin gaba ɗaya a wuyanka yake rataye. Jiya mun ga abin da zai faru in ka yi ko da mura ce."

"Ranka ya daɗe, ai ba zan yi ba. Ban taɓa fashi ba, a duba."

"Mun sani. Amma ba a jingina mutum arba'in a kan mutum ɗaya mai shekarunka. Mun yi magana da wani kamfanin gyara, za su riƙa turo mutane uku. Kai kuma sai ƙarshen wata, tare da godiya."

Ya buɗe baki zai ce da gangan ya yi, a mayar da shi kusurwarsa, ya yarda. Sai ya tuna yatsan telar nan. Wanda ya ce da gangan ya yi, ko ƙarshen watan ba zai gani ba. Ya miƙe, har da cewa na gode.

Juma'a da safe ya riƙe matarsa suna hawa matakalar asibiti a hankali, tana hutawa bayan kowane taki uku.

"Malam, ba ka gaya mini ba. Nawa ka samu?"

"Talatin da bakwai."

"Talatin da bakwai!" Ta tsaya ta ɗaga hannu sama, fuskarta ta washe. "Alhamdu lillahi. Dama na san ba za su iya ba sai da kai. Yau kam zan yi barci."

Ya miƙa katin ta taga. Ma'aikaciyar ta duba, ta buga hatimi, ta ce su zauna a jira layi.