Rantsuwar Laouali da Tiyon Rawaya

Idan mutum ya rantse ba zai ƙara karɓar komai daga hannunka ba, sannan ka miƙa masa numfashi a ƙasan ruwa ya karɓa, wa ya ɗauki zunubin, shi ko kai? Na juya wannan tambaya a bayan sitiyari tun daga unguwar Gubaira har unguwar Badi'a, na duba 'yan littattafan fiƙihun da nake ajiyewa a mota. Ban sami amsa ba.

Sunana Jibirilla, direban gida ne ni a Riyad. Laouali ɗan kawuna ne, taubashina, ɗakinmu ɗaya a Gubaira, garinmu ɗaya, Tasawa. Aikinsa wanke kwamin wanka a gidajen hutu. Shekaru yana kwashe ganye da gashi daga ruwan mutane da raga, bai taɓa tsoma kansa ciki ba.

Wata ranar Alhamis ya shigo da jakunkunan goyo biyu da ya saya a gwanjo, ya jefa mini ɗaya.

"Hutun Salla Yanbu za mu," in ji shi. "Nutso za mu yi a teku, da tukunyar iska a baya. Na rubuta sunanmu."

"Wa ka shawarta?"

"Wa zan shawarta? Na ga mutum ya zauna a ƙasan ruwan da na wanke, yana numfashi kamar a ɗakin uwarsa. Na ce ni ma."

Mutumin shi ne Kyaftin Uwais, mai koyar da nutso. Haifaffen Makka ne, jikan Hausawa, Hausarsa tana ɗingishi, Larabci na tallafa mata. Yana fara koyarwa a kwamin wani gidan hutu a Badi'a, wanda ya ci jarrabawa ya tafi da shi teku. Ni mutum ne da kan yi mako yana tunani kafin ya canja wurin aski. Amma na goya jakar na duba madubi, na ji ta zauna mini. Na ce to.

Ranar farko Laouali ya sa takalman agwagwa, irin masu faɗin nan na nutso, ya yi taku biyu, ya faɗa ruwa ta baya, ƙafafu a sama. Wayata tana hannuna. Na ɗauka, na tura wa dangi a Tasawa, na rubuta a ƙasa: kwaɗon Riyad. Haƙƙina ne. Tun kakanni taubashi yake tsokanar taubashi, kuma ba a fushi. Abin da ban lissafa ba shi ne, a da tsokana a tsakar gida take mutuwa. Wannan kafin la'asar ta isa wurin surukansa. Matarsa Delou ta kira shi tana dariya har numfashinta na sarƙewa, ta ce yara a layi sun mayar da abin waƙa.

Da na miƙa masa shayi da yamma, ya kalli kofin, ya kalle ni.

"Wallahi, Jibirilla, ba zan ƙara karɓar komai daga hannunka ba. Ko allura."

Ya riƙe rantsuwar kuwa. Idan zan ba shi makulli sai in ajiye a kan firji ya ɗauka. Gaisuwa yana amsawa, don kada a ce gaba yake yi, amma sauran magana sai ta hannun wani.

Aka zo darasin ƙarshe, wanda in ba a ci shi ba babu Yanbu. Kyaftin ya tsayar da mu a ruwa iya ƙirji, ya ɗaga wani tiyo mai launin rawaya da ke rataye a jikin kowannenmu.

"Wannan ba naka ba, na ɗan'uwanka. Iska ya ƙare masa, ya yi haka," ya ja hannu a maƙogwaronsa, "kai ka ba shi, shi ya sa a baki. Teku babu mutum ɗaya. Biyu biyu. Yalla."

Muka nutsa, muka durƙusa a ƙasa muna fuskantar juna. Ni na fara. Na cire abin shaƙar iskar da ke bakina, na ja hannu a wuya. Laouali ya ɗauko tiyon a hankali, ya juya shi, ya duba shi kamar mai zaɓen kankana a kasuwar Utaiƙa. Sai da idanuna suka fara fitowa ya miƙo. Ta cikin gilashinsa ina ganin murmushi.

Da nasa ya zo, ya cire, ya ja hannu a wuya daidai yadda aka koya. Na miƙa. Ya naɗe hannuwa a ƙirji. Kumatunsa suka kumbura. Sai ya buga ƙafa ya yi sama.

"Esh hada? Mene wannan?" Kyaftin ya fito yana tsawa. "Wannan mutuwa ne a teku! Me ya sa ba ka karɓa?"

"Kyaftin, gaya masa ya ajiye a ƙasa in ɗauka."

"Ajiye? Tiyo yana haɗe da bayansa, ya shaikh!"

"To kai ka ba ni naka."

"Ni a Yanbu ina da mutane da yawa. Wannan shi ne naka. Ba ka karɓa, ba takarda, ba teku. Ku duka."

Muka zauna a bakin kwamin, ƙafafu a ruwa, rana tana dukan ƙeyarmu. Na ga abin zai tafi da Yanbu, ya tafi da shayin yamma. Na fara kawo hujjoji, ina kallon Kyaftin amma da Laouali nake. Na ce iskar ba tawa ba ce, Kyaftin ya ɗura ta. Laouali ya ce gaya masa a hannunsa take. Na ce lalura tana halatta abin da aka hana. Ya ce gaya masa babu lalura a ruwan da in ya miƙe tsaye kansa na waje. Nan ya kayar da ni, don gaskiyarsa ce.

Kyaftin ya matse ruwa daga gemunsa. "Kakata tana cewa, wanda ya rantse, ya ga abin da ya fi, ya yi abin da ya fi, ya ciyar da miskinai goma. Khalas, shi ke nan. Miskinai babu a Gubaira?"

"Gidanmu kaɗai sun fi goma," na ce.

Laouali ya kaɗa takalman agwagwa a ruwa. Can ya juyo, karon farko ba ta hannun kowa ba.

"Kai za ka dafa."

"Kaffarar taka ce, malam."

"Shinkafar tawa, wahalar taka. Kuma idan muka shiga teku, ka ɗauke ni hoto kusa da kifi. Babban kifi. Ka tura wa surukaina, ka rubuta sunana daidai."

"In rubuta Laouali ko kwaɗon Yanbu?"

"Ka gani, Kyaftin? Ka ga irin mutumin da ka ce in ba shi raina?"

"Yalla, yalla," in ji Kyaftin, ya tura mu.

Muka koma ƙasa, gwiwa da gwiwa. Laouali ya cire abin bakinsa, 'yan kumfa suna fita ta gefen leɓensa. Ya ja hannu a wuya. Na ciro tiyon rawaya, na ji sha'awar in juya shi in duba shi ni ma, na danne. Na miƙa. Ya harare ni ta cikin gilashi, ya fizge shi daga hannuna, ya cusa a baki, ya ja dogon numfashi.