Shekaru Goma da Na'urar Awon Huhu Ba Ta Sani Ba

Shekara goma sha tara Saleh ya yi a masana'antar gurzar auduga ta Garwa. Da tari ya kama shi bayan damina, ofis ya tura shi asibiti da sharaɗi ɗaya: in awo ya nuna ƙura ta ci huhunsa, aikinsa ya ƙare. Tarin ya warke cikin mako biyu, amma ofis ya ce sai an ga takardar likita.

Yayarsa Iyatu ta ce sai ta raka shi. Bai so ba, amma ba a musu da ita.

Dokta Hortense ta auna tsayinsa, ta karɓi katinsa na ɗan ƙasa, ta shigar da shekarunsa a na'ura. Ta matse masa hanci, ta sa masa bututu a baki.

"Fitar da iska duka. Yanzu ja sosai. Riƙe."

Ya riƙe daƙiƙa goma, ya saki. Sau biyu aka yi.

Ta yi masa bayani da Faransanci. Awon yana duba yawan iskar da ke ratsa huhu ta shiga jini. An auna dubban masu lafiya, an san abin da ake sa rai daga namiji mai tsayi kaza da shekaru kaza. Kuma yadda shekaru ke ja, haka adadin ke raguwa, ko da mutum garau yake.

"Mai shekara arba'in da huɗu da tsayinka ya kamata ya fi haka," in ji ta. "Kana ƙasa da iyaka. Kaɗan ne, amma ƙasa."

Saleh ya cire hularsa, ya mayar. 'Ya'ya shida gare shi, kuma ban da injin gurza bai iya komai ba.

"Me ta ce?" Iyatu ta tambaya.

Ya faɗa mata da Hausa, a taƙaice.

"Arba'in da me?"

"Adda, don Allah."

"Kai ne ɗan arba'in da huɗu? To ni ma 'yar talatin ce, a nemo min miji."

Ta juya wajen likita, ta koma Fillanci, wanda su duka uku ke ji. "'Yata, shekarar da aka tare ruwa a Lagdo, wannan shi ke kai awakinmu kiwo, har unguwar Mahauta yake kora su shi kaɗai. Katin nan cewa yake lokacin yana goye a bayana."

Saleh ya sunkuyar da kai. Lokacin da masana'anta ke ɗaukar ma'aikata, an ce ba a son wanda ya haura talatin, shi kuwa yana da talatin da biyar. Baffansu ya kai shi kotu da shaidu biyu, aka yi masa sabuwar takardar haihuwa. Ba shi kaɗai ba ne a unguwarsu. Ya daɗe yana faɗin shekarun takarda har ya daina jin nauyinsu a baki.

"Malam Saleh, nawa ne na gaskiya?" Dokta ta tambaya.

"Hamsin da huɗu."

Ta goge lambar, ta sa sabuwa. Ta dubi allon na ɗan lokaci, sannan ta juyo masa da shi. Adadinsa bai canza ba, iyakar ce ta sauko, ta bar shi a sama.

"Na ɗan hamsin da huɗu, huhunka lafiya lau. Saura ƙiris in raba ka da aiki a banza."

Ya sauke numfashi. Sai kuma wani tsoron ya taso masa.

"Dokta, za ki rubuta shekarun?"

"Huhu aka ce in duba. Zan rubuta lafiyarsa ƙalau, don gaskiya ke nan. Amma ka riƙa rufe hanci a bakin inji, ka kuma dawo baɗi. Kuma in likita ya tambaye ka, bar kati a aljihu."

Ya karɓi takardar da hannu biyu. Godiyar da ya yi mata ba ta da tsawo, amma sau uku ya maimaita ta.

A bakin asibiti ya tsayar wa Iyatu mashin, ya riƙe mata jaka har ta gyara zama.

"Adda, Allah ya saka da alheri."

"Asirinka fa na tona."

"Na sani. Allah ya ƙara miki nisan kwana."

"Amin. Kai ma tsoho, tafi a hankali."

Ya tsaya har mashin ɗin ya sha kwana, sannan ya nufi masana'anta da sauri, don ya miƙa takardar kafin a tashi ofis.