Shahadar Inna Sara

Abdulmuttalib yana tsugune yana ɗaura wa jakinsa karo, amalanken da yake dako da shi, sai ga Alhaji Hamid, shugaban lajana, wato kwamitin gari, ya tsaya a kansa cikin sabuwar jallabiya.

"Malam Abdu, kwance dabbar nan, yau babu aiki. Ɗiyar Inna Sara ta iso daga Khartum, tana gidana. Bayan la'asar za mu taru ƙofar masallaci ka ba ta labarin da bakinka."

"Wane labari?"

"Ji mutum! Labari nawa gare ka a duniya?"

Alhaji bai yi ƙarya ba. Shekara hamsin da biyu a duniya, abin da Abdulmuttalib ya tara shi ne karo ɗaya, jaki ɗaya, ciwon baya, da labari ɗaya. Labarin ne ya sa ake ce masa Malam, shi da bai wuce izu biyu ba. Labarin ne ya kai shi sahun gaba a masallacin Hillat Jibirin. Ya ja igiyar da ƙarfi har jakin ya waiwayo ya dube shi.

Inna Sara matar Fasto Yakubu ce. Yaƙi ya koro su daga Kudu, suka zo tsinkar auduga, suka zauna a bukkokin 'yan ƙwadago bayan babbar hanyar ruwa. Mijin yana jan 'yan cocin Lutar su kamar talatin a ƙarƙashin rumfar zana. Ita kuwa ungozoma ce. Shekara goma sha biyu duk jaririn da ya faɗo a garin a hannunta ya faɗo, har da biyar na Abdulmuttalib. A bakin masu naƙuda ta koyi Hausa, saboda haka rabin Hausarta salati ne, rabi ashar. In mata suka ce mata, "Inna Sara, da wannan aikin naki, da Musulma ce ke ai Aljanna kai tsaye," sai ta ce, "Aljanna ba ladan ƙwadago ba ce, kyauta ce, an riga an ba ni. Ke, yi nishi, ki bar wa'azi."

A daminar 2004 zazzaɓi ya kwantar da ita. Fasto yana can garin Madani, laka ta rufe hanya, ko tarakta ba ta shiga. Abdulmuttalib ya ɗora ta a karo zai kai ta asibitin Hasahisa. A kan gadar ruwa rai ya yi halinsa. Ya juyo da ita gida da rana tsaka, ga zafi, maƙabartar Kirista kuma tana can bayan lakar da ta hana su wucewa. Tsohon liman ya ce ba za ta shiga tasu ba. Wani ya kawo shawarar a haƙa mata a gaɓar ruwa, inda ake jefar da mushe. Nan ne Abdulmuttalib ya ji bakinsa yana cewa, "Ta yi kalmar shahada a kunnena." Ƙaramin gicciyen katakon da ke wuyanta kuwa tuni yana aljihunsa.

Aka yi mata wanka, aka yi mata salla, shi da kansa ya haƙa kabarin. Bayan kwana uku Fasto ya dawo, mutane suka tare shi da gaisuwar mutuwa haɗe da barka. Ya tsaya a bakin maƙabarta riƙe da hularsa, ya dubi Abdulmuttalib. Abdulmuttalib ya dubi jakinsa. Kafin kaka Fasto ya kwashe iyalinsa, shekara biyu bayan haka aka ji rasuwarsa a Khartum.

Labarin kuma sai ya yi ta ƙiba a bakin mutane kamar ragon layya. Wai an ga haske a kan karo. Wai dama tana azumi a ɓoye. Mahmud mai shago, wanda ranar yana kwance da ciwon haƙori, ya rantse shi ma ya ji ƙanshin almiski.

Abdulmuttalib ya shiga gida ya miƙa hannu saman azara ya ciro gwangwanin shayi. Matarsa Kulu tana gasa kisra, wainar dawa mai faɗi, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ina za ka da gicciyen mutane?"

Ya tsaya cak. "Kin san da shi?"

"Shekara bakwai wa ke share ɗakin nan, aljanu?" Ta ɗaye kisrar daga kasko. "Ka dai sani Liman Mujahid ba tsohon liman ba ne. Ka buɗe baki, cewa zai yi a tone ta."

"To in yi yaya? In sake karanta wa yarinya ƙarya a fuska?"

"Lokacin da ka karanta wa ubanta ba ka nemi shawarata ba."

Ya fita ya bar mata ƙofa a buɗe, shi ne iyakar fansar da ya iya ɗauka.

Bayan la'asar an shimfiɗa tabarmi, an kawo shayi. Ibtisam, ɗiyar Inna Sara, tana zaune kan kujerar roba, doguwa irin uwarta, jaka a cinya. Ma'aikaciyar jinya ce yanzu. Saura mako biyu a raba ƙasar, kuma sunanta na cikin waɗanda motoci za su kwasa zuwa Kudu. Alhaji Hamid ya yi jawabi mai tsawo, ya ce gari ya yanke shawarar sa wa sabon ɗakin haihuwa suna Hajiya Saratu. Ashe har Makka an kai ta.

Ibtisam ta jira ya gama, sannan ta juya. Hausarta ta yarinta tana nan daram.

"Kawu Abdu, ni ban zo shan shayi ba. Babana ya mutu yana cewa shekara talatin ya zauna da mace bai san abin da ke zuciyarta ba. Ya daina hawa mumbari. In an fara waƙar da take so a coci, fita yake yi. Kafin in bar ƙasar nan ina son in ji da kunnena. Mi ta ce?"

"Fara da hasken, Malam!" in ji Mahmud daga baya. "Hasken nan da ya..."

"Hasken gidanku!" in ji Abdulmuttalib.

Abdulmuttalib ya miƙe, bayansa ya yi ƙara.

"Ƙarfe ɗayan rana, wane haske? Kai da kake kwance da kunci kamar tulu! Almiski? Laka ce da kashin jaki, ni nake wurin!" Ya juya ga taron. "Matar nan ta ciro 'ya'yanku da hannunta, ba ta taɓa cewa sai kun shiga addininta ba. Ta mutu, kuka ce a kai ta wurin mushe. Da na yi muku ƙarya kuwa, har da rige-rigen ɗaukar makara. Ba ku iya son ta ba sai da kuka sace ta!"

"Ya zol, bawan Allah, ka san abin da kake faɗi?" in ji Alhaji Hamid.

"Ba ta yi shahada ba. Ni na ƙaga." Ya dubi Ibtisam. "Waƙa ta yi ta yi da harshenku tun daga bakin gari, ban ji ko kalma ɗaya ba. Da muka kusa gada na ga tana tafiya, na hau dukan jaki. Ta ce, 'Abdu, ɗan banza, bar dukan dabba. Yesu ba ya sauri, zai jira ni.' Ta kama wannan ta riƙe. Kalas. Abin da ta ce ke nan."

Ya ɗora gicciyen a tafin hannunta. Ibtisam ta dube shi, ta dubi igiyar da ta yi baƙi da zufar uwarta. Da ta yi magana, muryarta ba ta tashi ba.

"Kwana uku kawai. Da babana ya dawo, jan shi gefe ya gagare ka?"

"Na ji tsoro."

"Tsoron mi?"

"Da fari kada a tone ta. Daga baya..." Ya kawar da kai. "Daga baya sahun gaba ya yi mini daɗi."

"Ka binne uwata, ka kashe ubana."

Bai ce ma'alesh ba, kalmar ban haƙuri. Kalmar ta yi ƙanƙanta, ko shi ya gani.

Liman Mujahid, matashi mai karatun Omdurman, ya gyara rawaninsa. Ba ihu ya yi ba, abin da ya fi ba da tsoro ke nan. Ya ce an yaudari jama'a an sa su sallatar wadda ba ta salla, wannan tsakanin mai ƙaryar ne da Ubangijinsa. Amma maƙabartar Musulmi ta Musulmi ce, dole a mayar da ita inda ya dace. Sai dai ambaliyar shekara huɗu da suka wuce ta share alamomin tsohon ɓangaren, duk ya zama fili ɗaya.

"Kai ka haƙa," in ji liman. "Wanne ne?"

Abdulmuttalib ya sosa ƙeya. Ko minti biyar bai yi da shiga sahun masu gaskiya ba.

"Na manta."

"Ka rantse."

"Allah gafarta malam, yanzu na gama shaida muku ni maƙaryaci ne. Rantsuwata mi za ta ƙara muku? In dai tono kuke so, ku faro daga gabas. Mahaifin Alhaji ne na farko, sai kakarka. In an bi a hankali za a kai gare ta."

Daga bayan zana inda mata suke, wata ta yi dariya ta mayar da ita tari. Ya san tarin. Shekara ashirin da shida yana jin sa.

Taro ya watse babu addu'a. Alhaji ya wuce shi bai ce Malam ba, bai ce Abdu ba. Motar da ya yi alkawarin za ta mayar da baƙuwa bakin kwalta kuma nan take aka gano ba ta da mai.

Ibtisam ta tsaya da jakarta tana duban hanya. Kilomita shida ne zuwa inda ake samun bas ɗin Hasahisa. Abdulmuttalib ya jawo karo ya tsaya nesa kaɗan. Ta daɗe a tsaye, sannan ta hau ta zauna can ƙarshe, ta ba shi baya.

Hanyar ta bi ta gefen maƙabarta. Mutane biyu-uku na tsaye a ƙofar masallaci suna bin su da ido, don haka ya kafe idonsa tsakanin kunnuwan jaki. Daidai wata ƙaramar bagaruwa da ta karkata, taku goma daga hanya, jakin ya rage tafiya, ya tsaya, ya sunkuyar da kai.

"Mi ya same shi?" in ji Ibtisam ba tare da ta juyo ba.

"Tsufa. Kullum nan yake tsayawa. Shekara bakwai ke nan, na rasa wanda ya koya masa."

Ya ji karon ya motsa, ta gyara zama ta fuskanci bagaruwar. Can sai ya ji ta fara waƙa ƙasa-ƙasa, da harshen nan da bai taɓa jin ko kalma ɗaya a cikinsa ba. Amma ya gane muryar waƙar.

Daga ƙofar masallaci Mahmud ya ɗaga murya. "Kai, mai karo! Bugi dabbar mana, bas zai wuce ta!"

Abdulmuttalib ya ajiye sandar a ƙarƙashin ƙafarsa, ya taka.